Ganuwar Surame da Na Gina a Intanet

Laifina ɗaya a garin Argungu shi ne ina da laftof. Tsohuwa ce, sai an tokare murfinta da kwalbar man gyaɗa take tsayawa, amma a ƙungiyarmu ta manoman shinkafa wannan ya isa a kira mutum injiniya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, duk mai ƙafa a fadama ya nemi ƙungiya ya shiga. Mu ma muka kafa tamu, aka ɗora mini sakatare ina can wurin alwala. Da rawar kai na buɗe mana ɗan shafi a intanet da WordPress, manhajar gina shafuka: hoton shugaba cikin babbar riga, hoton injin ban-ruwa, sai tarihin ƙungiya layi huɗu. Ba mai leƙa shi sai ni da ƙanena.

Bayan girbin rani ne aka taso da maganar takardar masu bashi, wato waɗanda suka karɓi taki ba su biya ba. Duk ranar da ma'aji ya tura ta zauren WhatsApp, kafin magariba ta zaga gari, har wani dattijo ya ji labarin bashinsa daga bakin surukinsa. Shugaba ya juyo ya dube ni.

"Malam Sakatare, wanga abu naka na intanet, ba a yi mai ƙyaure?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane irin ƙyaure? Ganuwa zan yi, irin wadda Kanta, Sarkin Kabi, ya zagaye birnin Surame da ita. Sai ɗan ƙungiya mai kalmar sirri zai shiga." Aka yi tafi. Da na sani da na tsaya a ƙyauren.

Daren nan na zauna da wani Ba'indiye a YouTube, yana magana kamar ana binsa da gudu. Ya ce in buɗe wani ɓoyayyen fayil mai suna .htaccess in rubuta layi kaɗan. Na rubuta, na tsallake harafi ɗaya tak. Shafin gaba ɗaya ya ɗauke, sai farin allo da lamba 500. Shafin da ya shekara biyu ba baƙo, ranar ce shugaba ya ga damar nuna wa wani baƙo daga Jega hotonsa. Ana sallame asuba ya kira: "Ina ka kai ni?" Sai da hantsi na gano harafin. Daga baya kuma na tarar WordPress da kansa yana da wurin da ake zaɓar shafi a sa masa kalmar sirri, aikin minti ɗaya. Ashe rijiya na kwana ina haƙa a bakin gulbi.

Sai zaɓen kalma. Masana sun ce ta yi tsawo, a gauraya babban baƙi da ƙarami da lambobi. Ni kuwa na ƙara da tawa hikimar: na zaɓi Ƙaiƙayi, na liƙa mata lambobi a wutsiya. Na ce ko ɓarawon intanet daga Rasha ya taso, ina zai samo ƙ mai ƙugiya? Gaskiya ne, ba zai samo ba. Abin da ban lissafa ba shi ne 'yan ƙungiya ma ba su da ita. Yawancin wayoyinsu allon rubutun Turanci ne a kai, kuma a wurin kwamfuta k da ƙ ko dangin nesa ba su haɗa ba. Babban K da ƙaramin k ma ba sa ga maciji.

Wayata ta koma kamar ta mai sayar da kati. Wani baba, tsohon masunci da ya sha shiga gulbin Matan Fada da homa, ya kira ni ina tsakiyar cin abinci.

"Ɗana, abin ga ya ƙi."

"Baba, k ɗin mai ƙugiya za ka sa."

"Ƙugiya ta kamun kihi? Cikin waya?"

Na bar tuwon. Ƙaiƙayi dai ya koma kan masheƙiya.

Shugaba ya yanke hukunci a sa kalmar da kowa ya sani, shinkafa. Na sa. Washegari rabin dattawa suka sake makalewa a waje, don sun rubuta ta yadda Allah ya hore wa bakinsu: shinkahwa. Na ce Alhaji, da f ake rubutawa. Ya ce, "To mi yar raba su? Ba ita muka ci ba?" Ma'aji ya kawo shawarar a sa 123456 kowa ya huta. Na gaya masa wannan ita ce kalmar da ta fi yawan zuwa ta ɗaya a jerin kalmomin sirrin da mutanen duniya suka fi amfani da su. Ya ce to ai ka ji, duniya ma ta yarda da ita.

Muka tsaya a shinkafa mai f. Don kada kowa ya manta, ma'aji ya yi saƙon murya na minti uku yana jero haruffan, wani bawan Allah kuma ya ɗora a sitatus saboda waɗanda ba su ji ba. Ga kuma wani da aka kora daga ƙungiya, shi ma makullin na aljihunsa, tunda makulli ɗaya ne na kowa: in za ka hana mutum ɗaya, sai ka sauya wa jama'a duka, ka koma karɓar kira.

Nan na ce a'a, kowa a yi masa nasa asusu, da sunansa da kalmarsa. Wannan kuma sai da imel. Mu arba'in da bakwai ne. Goma sha ɗaya ke da imel, huɗu suka san hanyar shiga nasu. Sauran yaron shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, kuma yaron ya koma Legas. Waɗanda aka aika wa saƙon sabunta kalma, ya faɗa akwatin tarkace. Wani ya zo har gida ya ce in duba cikin na'ura in karanto masa kalmarsa. Na ce ba ta karantuwa, don shafin ba ya ajiye kalmar yadda take, markaɗa ta yake yi ta koma wasu haruffa barkatai. Tuwo ba ya komawa shanshera. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ci amana, ya ce Allah shi isa.

Ranar ƙaddamarwa muka taru a ƙofar gidan shugaba, an shimfiɗa tabarmi, har da kunun zaƙi. Kafin nan na ƙara wa ganuwata wani mai gadi: duk wanda ya kuskure kalma sau uku, a rufe shi minti ashirin. Saboda karamci na buɗe wa kowa datar wayata. Abin da ya shige mini duhu shi ne mai gadin nan adireshin intanet yake dubawa, ba fuska ba, kuma tunda duk ta wayata muke bi, a wurinsa mu duka mutum ɗaya ne. Shugaba ya gyara tabarau, ya danna da babban yatsa. Kuskure. Ya sake. Kuskure. Na buɗe baki in ce ranka ya daɗe dakata, ya riga ya danna na uku.

Aka rufe mu duka, har da ni mai ginin.

Muna zaune jugum ana kallon agogo, sai ɗan ma'aji, yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya matso ya ce, "Kawu, wagga takarda kuka nema?" Ya miƙo waya. Ga jerin masu bashi nan reras. Ashe shafin na kulle, amma takardar PDF ɗin tana zaune a rumbun da WordPress ke tara duk abin da aka ɗora, kuma mai adireshinta kai tsaye ba ya bi ta ƙofa. Ma'aji ya kwafi adireshin tun makon jiya ya tura wa mutum ɗaya kacal, in ji shi. Ƙyauren ƙarfe na dasa a tsakiyar fili, ba katanga hagu da dama.

Shugaba ya karɓi wayar, ya ce tunda an taru bari a karanta. Ya karanta na ɗaya, ya karanta na biyu, ya ɗago tabarau ya dube ni, ya ce a sha kunu.

Da na isa gida maman yara ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta zauna nesa kaɗan tana firfita.

"Malam, ashe kai ne na uku? Buhu biyu?"

Na ce wa ya ba ki kalmar sirri?

Ta ce, "Wace kalma? A zauren matan unguwa na gani tun ranar Talata."