Walter White bai tuba ba

A tsakanin 'yan'uwa Kirista akwai waɗanda suke ganin bai kamata mai bi ya zauna yana kallon fina-finai masu dogon zango na Amurka da suke cike da kisa da safarar ƙwayoyi ba, kuma hujjarsu ita ce Filibiyawa 4:8, inda Manzo Bulus ya ce a riƙa tunani a kan abin da yake na gaskiya, mai tsarki, abin ƙauna. Ina girmama wannan ra'ayi, domin akwai tsiraici da zubar da jini a cikin wasu daga cikinsu da ba zan yarda yaro ya gani ba, kuma babban da ya san zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan ya yi daidai idan ya kashe talabijin. Sai dai damuwata ta fi karkata ga ɗaya ɓangaren, wato masu kallo da suke fitowa suna cewa jarumin ya sami fansa a ƙarshe, alhali abin da suka gani bai kai tuba ba, balle fansa.

A kan zunubi kam, Breaking Bad ya faɗi gaskiyar da wa'azi da yawa ba sa kaiwa gare ta. Vince Gilligan ne ya ƙirƙiro shi, tashar AMC ta nuna shi daga 2008 zuwa 2013 a kashi 62, kuma labarin Walter White ne, malamin kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare a jihar New Mexico, wanda likita ya gaya masa yana da ciwon dajin huhu, sai ya shiga dafa muguwar ƙwayar nan ta meth da sunan tara wa iyalinsa abin da za su ci bayan ransa. Uzurin yana da daɗin ji, amma tun a zangon farko marubutan suka rushe shi, domin tsofaffin abokansa masu arziki, Elliott da Gretchen, sun yi masa tayin biyan kuɗin maganinsa gaba ɗaya, ya ƙi. Ya gwammace ya sayar da guba da a ce wani ya yi masa alheri. Girman kai ne tushen komai, ciwon kuwa ƙofa kawai ya buɗe masa.

Augustine, bishop ɗin Hippo wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin yadda shi da abokansa suka saci 'ya'yan itace yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, har ma suka zubar wa aladu, kuma da ya bincika zuciyarsa sai ya tarar cewa laifin kansa yake ƙauna. Haka Walter yake. Kuma kamar yadda wasiƙar Yaƙub ta kwatanta, sha'awa takan ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya girma ya haifi mutuwa. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren da ya tsaya a bakin gado yana kallon Jane, budurwar Jesse, tsohon ɗalibinsa da suke dafa ƙwayar tare, tana shaƙewa da amai cikin maye. Ya yunƙura kamar zai juya ta, sai ya tuna cewa mutuwarta za ta amfane shi, ya janye hannunsa, ya toshe bakinsa yana hawaye. Ba a harba bindiga ko ɗaya a wurin ba, amma babu kisan da ya kai shi muni a shirin.

Mu masu kallo ma ba mu fita ba. Mutane da yawa sun ci gaba da yi wa Walter tafi bayan ya sa wa ƙaramin yaro guba, suka mai da ƙiyayyarsu kan matarsa Skyler don tana hana shi sakewa, har ta kai Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin matar, ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2013 a kan zagin da take sha. Wanda yake son ya ga koyarwar Kirista a kan lalacewar zuciyar ɗan Adam a aikace, ga ta nan.

To, ina fansar? A kashi na ƙarshe Walter yana zaune cikin motar da yake ƙoƙarin sacewa, dusar ƙanƙara ta rufe gilasanta, ya yi wata 'yar addu'a cewa a kai shi gida kawai, sauran shi zai yi da kansa. Kuma da kansa ya yi. Ya tsorata Elliott da Gretchen da barazanar kisa don su miƙa wa ɗansa fiye da dala miliyan 9 na kuɗin ƙwaya, ya karkashe maƙiyansa, ya kuɓutar da Jesse, sannan ya mutu yana shafa tukunyar dafa ƙwaya kamar mai sallama da masoyi. Gaskiya ne ya amsa wa Skyler cewa don kansa ya yi komai, ya ji daɗinsa, kuma ya iya. Wannan amsa laifi ce, kuma tana da nauyi, amma babu nadama a cikinta. Ko Yahuza ya fi shi, domin shi ya mayar da azurfa 30 ɗin, ya ce ya ba da marar laifi, kuma duk da haka Matiyu bai lissafa shi cikin waɗanda suka tuba ba. Zakka da ya sadu da Yesu a Yariko ya ba da rabin dukiyarsa ga matalauta, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Walter kuwa ko sisi bai yi tunanin mayar wa kowa ba.

The Sopranos na David Chase, wanda HBO ta nuna daga 1999 zuwa 2007, ya fi cizon mu masu zuwa coci. Carmela, matar Tony Soprano shugaban wani gungun miyagu, 'yar Katolika ce mai ibada, fada, wato limamin cocinsu, yana cin abinci a gidanta, tana kuka a kan zunubin mijinta tana kuma sa gwal ɗin da ya saya. Wanda ya gaya mata gaskiya wani tsohon likitan ƙwaƙwalwa ne Bayahude, wanda ya ce ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan, ya kuma ƙi karɓar kuɗin aikinsa domin kuɗin jini ne. Ta koma gida ta kwanta cikin baƙin ciki, kuma abin da ya tashe ta shi ne alkawarin dala 50,000 da mijin ya yi na gudummawa ga jami'ar 'yarsu. Irin wannan ne Dietrich Bonhoeffer, fasto Bajamushe masanin tauhidi, ya kira alheri mai arha a 1937, wato gafarar da ake nema ba tare da barin komai ba.

Wanda ya fi kusa da tuba, a ganina, shi ne Jimmy McGill na Better Call Saul, da ya ƙare a 2022. Lauya ne mai bakin ganga, ya yi ciniki da masu gabatar da ƙara har hukuncinsa ya sauko zuwa wajen shekara 7, sai ya miƙe a kotu ya faɗi gaskiyar rawar da ya taka a harkar ƙwayar Walter White a matsayin lauyansa, har da abin da ya yi wa yayansa wanda babu wanda ya tuhume shi a kai, aka yanke masa shekara 86. Wannan ya yi kama da 'ya'yan da suka dace da tuba, waɗanda Yahaya Mai Baftisma ya nema. Amma ko a nan, mutum ne yake biyan bashinsa da kansa, kuma a koyarwar Kirista shekara 86 ba su sayi gafarar Allah ba, Almasihu ne ya biya a kan gicciye. Marubutan talabijin sun san yadda za su nuna wanda ya biya da jininsa ko da shekarunsa, domin mai kallo yana gamsuwa da hakan. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 bai mayar da komai ba, bai ceci kowa ba, ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, ya roƙi a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Da an ƙare labarin Walter White haka, ina da tabbacin yawancin masu kallo za su ce an cuce su, kuma a cikinsu har da Kirista masu yawa.