Almakashi ma da wuta yake aiki?

Na shafe shekaru ina riƙe da shagon ɗinki, kuma duk ƙarshen azumi akwai maganar da nake maimaita wa masu kaya har ta zauna mini a baki: "Wallahi wuta ce ba a kawo ba." Maganar ba ƙarya ba ce, domin kowa ya san halin da lantarki ke ciki a ƙasar nan, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sai tela ya yi lissafi sosai kafin ya ja igiyar janareto. Sai dai na daɗe ina fakewa da wannan gaskiyar don kada in dubi wata da ke cikin shagona.

Wani dattijo ne ya tona mini asiri. Ya zo karɓar rigar ɗansa a daren jajibirin sallah, ya tarar da shaddar a naɗe cikin leda kamar yadda ya sayo ta a Kantin Kwari, ko yanka ta ba a yi ba. Na fara jero masa uzuri, sai ya dube ni ya ce cikin sanyin murya, "Malam, almakashi ma da wuta yake aiki?" Ya ɗauki ledarsa ya fita, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Bayan sallah na zauna da littafin awo na ƙirga duk ɗinkin da na karɓa. Azumi kwana 29 ne ko 30, kuma na san iyakar abin da ni da yarana biyu muke iya fitarwa a yini idan za a yi aikin wuya yadda ya kamata. Da na haɗa lissafin, sai na ga ko da wuta ba ta ƙifta ba tsawon watan, da ƙyar za mu wuce rabin abin da na ɗauka. Kwaɗayin kafin alƙalami ne ya sa ba na iya cewa a'a, kuma wannan ba laifin kamfanin wuta ba ne.

A ganina, yawancinmu idan muka zauna duba kanmu, lauyan kanmu muke zama maimakon alƙali. Ɗan kasuwa zai ce kasuwa ta mutu ko an sa masa hannu, alhali cefanen gida da gudummawar biki duk daga uwar kuɗi yake zara. Ma'aikaci zai cika takardar auna aikinsa ta shekara ya ba kansa maki mafi girma a kowane layi, sannan ya yi mamakin yadda na bayansa suka fi shi iya aikin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ke ba ni mamaki shi ne addininmu ya riga ya koya mana wannan tarbiyya, domin mai dukiyar da ta kai nisabi dole ne ya zauna duk shekara ya ƙirga hajarsa da kuɗinsa kafin ya fitar da ɗaya cikin arba'in, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana.

Ba ina nufin mutum ya riƙa kushe kansa ba. Mai cewa "ni ban iya komai ba" alhali ya iya, shi ma bai faɗi gaskiya ba, kuma sau da yawa yabo yake jira. Lissafin nan da ya nuna mini ba na cika alkawarin lokaci, shi ne ya nuna mini cewa kusan babu wanda ya taɓa dawo mini da riga saboda yanka bai yi ba, don haka na riƙe almakashi da kaina, na bar wa babban yarona littafin karɓar aiki da ikon ya ce ya isa.

A azumin da ya wuce mun rufe karɓar ɗinki tun goma ga wata. Wani tsohon abokin hulɗa ya ji haushi ya kai kayansa wani shago, kuma kuɗin da suka shigo ba su kai na da ba. Amma a daren jajibiri na kulle shagon kafin sallar isha'i. Riga ɗaya ce ta kwana a kan keke, tawa ce, don haka da tsohuwa na je idi.