Baƙin allo da katin bikin Alhaji

Jama'a duk wanda ƙaninsa ya je jami'a ya dawo yana ce masa Windows ta tsufa, to ya yi hattara. Nawa a Ngaoundéré yake karatu, ya zo hutu Garwa ya goge min komai a kwamfutar shago ya sa Ubuntu a madadin Windows, wai kyauta ce kuma bayros ba ya kama ta. To na yarda, ana ta buga takardu lafiya lau.

Ranar nan ta nuna min saƙo wai akwai sabuntawa, na danna, tana cikin yi sai ɗif aka ɗauke kuran. Ga zafin Afrilu na Garwa, sama da digiri 40, fanka ta tsaya, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da rasuwa. Da wuta ta dawo na kunna, tambarin Ubuntu ya fito kamar abin arziki, daga nan sai baƙin allo da wani ɗan layi fari a sama yana ta kyafta min ido. Ba linzami ba fayil ba komai. Ga kuma Alhaji zaune a benci yana jiran katin bikin 'yarsa, ya riga ya ba ni jaka biyar.

Na kira yaron, ya ce "Yaya kwantar da hankalinka, injin na nan da ransa, GNOME ce kawai, wato fuskar kwamfutar da ka saba gani, ba ta tashi ba don an katse sabuntawar a tsakiya, danna Ctrl da Alt da F3." Na danna, rubutu ya fito yana neman suna. Sunan shigata malam ne, na rubuta malam, allo ya nuna ;qlq; wallahi haka. Alhaji ya leƙo ya ce "Malam wannan wane yare ne, ko aljanu ne?" Ashe madannaina na Faransanci ne, AZERTY, ita kuma can cikin duhun ta koma ta Amurka, inda A take sai Q ta fito, M kuma ta yi hijira zuwa kan waƙafi.

Nan aka sha wuya. Kalmar sirri ba ta ma nunawa in kana bugawa, ko tauraro ɗaya, kuma tawa sunan uwargida ce da shekarar aurenmu, yaron nan ya dage sai na faɗa masa harafi harafi yana gaya min inda zan danna, waya kuma a sifika. Alhaji dai sai gyaran murya yake yana cewa Allah ya bar ƙauna.

Da na shiga aka buga umarnin sudo loadkeys fr, madannai suka dawo hayyacinsu, sai sudo dpkg --configure -a, wanda shi ke ƙarasa abin da aka bari rabi da rabi, sannan sudo apt --fix-broken install, wannan kam datar wayata ya sha ba tausayi. Fararen rubutu suka riƙa gudu a allo ni ko ɗaya ban gane ba amma na haɗe rai ina gyaɗa kai, ai ba a nuna wa mai kaya gazawa. Aka ce sudo reboot, sai ga fuskar kwamfuta ta dawo, fayil ɗin kati na nan inda yake.

Na buga na miƙa masa, bai ko duba kwanan watan ba. Ya ja benci kusa, ya rage murya ya ce "Malam ashe kana cikin masu kutsen nan, to akwai wani mutumin Marwa da nake bi kuɗin albasa ya daina ɗaukar wayata, ko za ka ɗan shiga ta baƙin allon nan ka gano min inda yake?"

Na ce Alhaji sai dai gobe, data ta ƙare. Ya ƙara min jaka ɗaya ya ce in saya.