Yawon ɗanɗano: magana ga ƙannena na Damagaram

Assalamu alaikum ƙannena, samarin fada da 'yan matan gari. Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: ni ma maci ne. Daga Zango zuwa Sabon Gari, da wuya a sami mai tsiren da ban san hannunsa ba, kuma ranar Alhamis idan na shiga Kasuwar Dole ba na fitowa da baki bushe. Don haka ban zo in hana kowa cin daɗi ba.

Garin nan ma ai ba baƙon sabon abinci ba ne. Sunan Zango kansa ya isa shaida: nan ayari ke sauka. Buzaye su zo da cuku, a kawo dabino da gishirin Bilma, fatake su hauro da goro daga kudu, kowa da tukunyarsa da irin yajinsa. Kakanninmu sun ɗanɗana na Barebari, sun ɗanɗana na Kanawa. Yau kuma ga acceke da aloko na mutanen Kwaddibuwa, ga yasa da shinkafar Senegal, ga shawarma, ga indomi da ƙwai a teburin mai shayi. Ba zuwan waɗannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ci ya koma gasa. A dare ɗaya sai ku hau kabu-kabu ku zaga wuri huɗu, nan a taɓa, can a lasa, a ɗauki hoto a salula, gobe a fada a yi ta musun wa ya riga wa sanin sabon restoran. Baki ke gaba, ido da hankali suna biye a baya.

Ni na san inda wannan tafiya ke kaiwa, don na je na dawo. Wata shekara cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuran ya ɗauke tun da hantsi bai dawo ba sai bayan magariba. Da dare muka fita ni da abokaina biyu. Muka fara da tsire, muka bi da shawarma a wani gidan abinci mai gilashi da fitilu masu launi, na ce a ƙara mini mayonez, na kuma sa aka zubo salak a gefe. Da na kai loma ta farko na ji ɗan tsami-tsami. Na ji shi sarai. Amma na riga na biya, ga abokai suna santi, sai na ce wa zuciyata ƙila haka salon nasu yake. Kafin kiran assalatu na yi zarya bayan gida har na daina ƙirga. Da gari ya waye, maƙwabcinmu ne ya ɗauke ni zuwa gidan likita, aka ɗaura mini ledar ruwa har uku. Kuɗin magani ya ninka na shawarmar sau goma da wani abu, ga kwana huɗu ban buɗe shago ba. Innarmu ba ta yi mini faɗa ba. Da ta zo da kunun tsamiya sai kawai ta ce, “Sannu, kwaɗayi mabuɗin wahala.” Da ma mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Firigon gidan abincin nan ya yini ba sanyi, mayonez da ƙwai da nama suna ciki suna gumi. Babu wanda ya yi mini sammu. Lissafi ne da yaro ɗan firamare zai iya yi, ni ne ban yi ba.

To ga abin da nake roƙonku. Kafin ka ce “a zuba mini”, tsaya minti ɗaya ka dubi gefen teburin, wurin da ake wanke kwano. Kowa ya san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, mai abinci sayensa take yi bido-bido wurin 'yan garuwa, dole ta yi tattali. Za ka ga roba biyu, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya. Da safe ruwan garau yake. Zuwa la'asar ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, mai na yawo a samansa, ƙwayoyin shinkafa sun kwanta a gindi, kuma cokalin da zai shiga bakinka nan aka tsoma shi aka fitar. Dubi hannun da ya karɓi tsohuwar takardar kuɗi mai laushi kamar tsumma, ka ga ko shi ne zai tsinko maka albasa da tumatir. Dubi man suya, ja ne ko ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi. Dubi tiren nama, a rufe yake ko ƙudaje ne ke gadinsa. Ba wai matan nan mugaye ba ne, yawancinsu da wannan tukunyar suke ciyar da marayu da biyan kuɗin makaranta. Amma cikin naka ne, kai za ka kwana da shi.

Kuma kada gilashi da sanyin ɗaki su ruɗe ku. Mai ƙosai da mai waina madafinsu a gabanka yake, kana kallo ta tsamo daga tafasasshen mai ta miƙo maka. Na babban restoran yana can baya, bayan ƙofar da ba a barinka ka leƙa. Abin da ya sauko daga wuta yanzu-yanzu yana turiri ya fi aminci, ko da a bakin gudurun ne. Idan tsire ya huce, ce wa mai nama ya mayar da shi kan garwashi, ba zai ji haushi ba. Abin tsoro shi ne abin da wuta ba ta taɓa ba, ko wanda ta taɓa tun da safe: salak, mayonez, ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, da shinkafar da ta yini a kula. Ita shinkafa akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta gamawa da ita, idan abincin ya daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin nan.

Wani ciwon ma ba a daren yake kama ka ba. Tifoyid ta hanyar gurɓataccen ruwa da abinci take shiga, ta yi lamo mako ɗaya zuwa uku kafin zazzaɓi ya taso. Lokacin ka manta inda ka ci, sai a ce masassarar sauro ce ko shawara, a yi ta shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin 'yan tebur, alhali tana iya huda hanji. Ba ku manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya ratsa jihohin Zinder da Maraɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta dalilin abinci, 420,000 kuma su rasu, kuma Afirka ce ta fi jin jiki. Idan tsautsayi ya faɗa wa wani a cikinku, kafin a kai ga likita a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sai maganar aljihu, wadda ba ku son a taɓo. Ka ce jika ɗaya da rabi kake kashewa a fita guda, sau 4 a mako. Jika 6 ke nan, a wata jika 24, ban sa kuɗin kabu-kabu ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 jika 42 ne. Wato fiye da rabin gumin ƙaramin ma'aikaci na wata ne wani ɗalibi ke lashewa a tsaye, da kuɗin da babansa ya sayar da buhun gero a Matamaye ko Mirriya ya aiko masa don takardu. Ku kuma ƙannena mata, saurayin da kike auna ƙaunarsa da nauyin ledar da yake riƙowa zance, ki sani wani bashi yake ciyowa, kuma ke za ki tarar da bashin a ɗakinki.

Akwai wata ɗabi'a kuma da ke ƙona mini rai. Mutum ya sayi abincin dala 50, wato sefa 250, ya kunna kyamara, ya yamutsa fuska, ya watsa a TikTok ko Facebook yana kushe matar da ta tashi tun asuba tana hura wuta. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba: idan ya so ya ci, idan bai so ba ya bari. Idan ƙazanta ka gani, ja ta gefe ka ce, “Iya, a canza ruwan nan mana.” Na gwada, sau da yawa godiya ake yi mini. Kuma Manzon Allah ne ya koya mana raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Wanda ya zaga wuri huɗu a dare guda, ina ya bar wa numfashi?

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ɗan yayata ne da ke zaune wurinmu yana karatu a Jami'ar André Salifou. Makon jiya ya shigo wajen ƙarfe 11 na dare yana warin yaji da albasa. Kakarsa ta ajiye masa tuwon gero da miyar kuka da man shanu, ta rufe da faifai, ta ƙi kwanciya tana jiransa a kan tabarma. Ya ɗaga faifan, ya mayar, ya ce ya ƙoshi. Yaron da zai iya jera maka sunan miya biyar na Abijan, amma bai san daddawar da ke cikin ta gidansu daga kalwa ake yin ta ba. Tsohuwa ba ta ce uffan ba, ta ɗauki kwanon ta kai madafi.

Da safe ni na ci ɗumamen, har da ƙanzo. Shi kuwa yana ɗaki kwance ya dafe ciki, yana aiken ƙaramar 'yata ta tambayo kaka ko akwai sauran kunu.