Mahaɗar jirgin Kamakura ba ɗakin ɗaukar hoto ba ce

Abin da masu yawon buɗe ido ke yi a Kamakura yana ƙona min rai. Akwai wata 'yar mahaɗar titin mota da na jirgin ƙasa kusa da tashar Kamakura-Kokomae, a layin Enoden da ke bin gaɓar teku a lardin Kanagawa na Japan. Ita ce aka zana a waƙar buɗewar katun ɗin Slam Dunk da aka fara nunawa a 1993, kuma tun fitowar sabon fim ɗinsa a 2022 jama'a suka ƙara yin tururuwa can.

Zuwan ba laifi ba ne. Duk wanda ya taso da son labarin nan, dole zuciyarsa ta motsa in ya ga koren jirgin ya gifta, teku na ƙyalli a bayansa. Amma don Allah me ya kai mutum tsakiyar kwalta? Ƙararrawa na kaɗawa, sandar shinge na sauka, shi kuwa ya ɗaga waya ya kafe, direba na ta danna masa oda ko waiwaye babu. Wani ya shanye ruwa ya dire gorar a gindin katangar mutane. Wani har cikin harabar gida yake kutsawa don hoton ya fito yadda yake so.

Unguwa ce fa, da masu kwana da tashi a cikinta. Makarantar sakandare na saman tudun, nan ce hanyar ɗalibai kullum. Har ta kai sai an girke masu gadi suna mayar da manya baligai gefen titi kamar 'yan firamare. Alhali daga gefen ma hoton na fitowa tsaf, kuma da rana ba a cika kwata ɗin awa wani jirgin bai sake zuwa ba.