Hulk Hogan ya fi kowa suna, amma ba shi ya fi kowa iya resilin ba

Tun da Hulk Hogan ya mutu a watan Yulin 2025 yana da shekara 71, musun nan da muka baro tun zamanin kaset ya sake tasowa a majalisarmu, wai wane ne gwanin gwanaye a 'yan resilin na da. Kusan kowa Hogan yake cewa, ni kuma na ce a'a, ai kuwa aka yi mini ca kamar na zagi kawun wani. To bari in kawo hujjata a nan inda ba mai katse ni.

Da farko dai mu yarda da abin da muka ƙi yarda da shi muna yara, resilin shiri ne. Kafin a hau dandamali an riga an san wanda zai yi kaye da wanda zai sha ƙasa, kuma ba ni na ƙirƙira ba, kamfanin WWF da bakinsa ya amsa haka a 1989 gaban 'yan majalisar jihar New Jersey don ya zame daga dokokin hukumar wasanni. Ba irin kokawarmu ta gargajiya ba ce da in ka ga an miƙa wa mutum takobi a Nijar ka san ƙwanjinsa da dabararsa ne suka ba shi. Shi ya sa in mutum ya zo yana ƙirga min bel, wai Ric Flair ya ci kambun duniya sau 16, wai Bruno Sammartino ya riƙe nasa tun 1963 har 1971, kwana 2,803 cur, sai in ce masa duk gaskiya ne, amma abin da lissafin ke nunawa shi ne masu kamfani sun yarda mutumin zai cika musu zaure su kwashi kuɗi. Ni ma'aunina daban ne: wa ya iya sa ka manta cewa shiri ne, kuma wa ya iya faɗuwa har abokin karawarsa ya zama zaki a idonka.

Mu ɗauki daren da masoya Hogan suka fi kafa hujja da shi, WrestleMania ta uku, wato babban gangamin resilin da WWF ke yi duk shekara, ranar 29 ga Maris 1987 a filin Pontiac Silverdome da ke Michigan, inda kamfanin ya ce mutum 93,173 ne suka shiga. Hogan ya ciccibi Andre the Giant ya maka da ƙasa, wallahi ni ma har yau in na gani sai tsigar jikina ta tashi. Amma a duba da kyau, ƙaton da aka ce ya haura kilo 230, in bai ga dama ba wa zai ɗaga shi? Andre ne ya ba da jikinsa, alhali bayansa ya riga ya lalace saboda cutar girman da bai tsayawa, tafiya ma da ƙyar yake yi, kuma bai cika shekara shida bayan nan ba ya mutu a Paris. In aka cire wannan ɗagawar, sauran wasan rungume-rungume ne da jan ƙafa. A wannan daren dai Randy Savage da Ricky Steamboat suka yi nasu na kusan minti goma sha biyar, rafali ya buga ɗaya, biyu, sai mutum ya zabura, a sake, ya sake zabura, har ka rasa inda za ka sa ranka. Shi ne wasan da 'yan resilin na baya suka riƙa kallo suna koyon sana'a.

Ba wai na raina Hogan ba ne fa. Tun da ya karɓe kambu a hannun Iron Sheik a Janairun 1984 ya riƙe shi shekara huɗu, shi ya fitar da resilin daga lungunan Amurka har ya iso gidajen kallonmu, yaro ma da bai san sunan gwamnan jiharsu ba ya san mai yaga singileti. Amma wasansa ɗaya ne kamar tuwon gidan marowaci, a dake shi, ya fara karkarwa yana girgiza kai, ya nuna mutum da yatsa, ƙafa a fuska, ya daka tsalle ya sauke cinya a wuya, ya kara hannu a kunne, shi ke nan an tashi. In ka ga ɗaya ka ga ɗari.

Ni gwanina Bret Hart ne. Ku tuna yadda in an wurga shi kusurwa yake zuwa da ƙirji ya daki igiyar da gudu ya zube kamar an yanke masa numfashi, wannan faɗuwar kaɗai ta isa ta sa ka tsani wanda ya wurga shi. A 1992 a filin Wembley na Landan, gaban mutum wajen dubu tamanin, ya kara da mijin ƙanwarsa Davey Boy Smith, kuma Bret ya sha faɗa cewa Davey ya manta duk abin da suka tsara tun a mintunan farko, shi Bret ɗin ne ya riƙa raɗa masa abin da zai yi har aka gama. Ya ja mutum a wasa, ya bari ya kayar da shi a gaban 'yan ƙasarsu, aka tashi ana yi wa Davey tafi. Kuma abin da ya fi alfahari da shi shi ne bai taɓa ji wa abokin aiki mummunan rauni ba, sai ga shi shi kuma harbin ƙafar wani abokin karawarsa Goldberg a ƙarshen 1999 ne ya raba shi da sana'ar.

Sai maganar 'yan biyu-biyu, wadda a ganina nan ne asalin gwanintar take kuma ita ce aka fi sakaci da ita yanzu. Tsarin mai sauƙi ne amma ba kowa ya iya ba. Mugaye biyu su ware mutum ɗaya su tsare shi a kusurwarsu suna ta jibga, abokinsa na can riƙe da igiya ya miƙo hannu kamar zai yi kuka, wanda ake duka ya rarrafo, ya rarrafo, saura taku ɗaya a janyo ƙafarsa, ko ya taɓa hannun amma rafali ya juya baya bai gani ba ya kori mai shigowa. A gidan kallo a nan ne ake miƙewa ana zagin rafali, wani har da jifan talabijin da bawon rake, mai gidan yana ihu a zauna ko ya kashe janareta. Ricky Morton na Rock 'n' Roll Express shi ne sarkin shan wannan dukan, karawarsu da Midnight Express har yau ita ce allon karatu.

Mutanenmu sun fi tuna Legion of Doom, wato Hawk da Animal masu fentin fuska da ƙusoshi a kafaɗa, kuma ba laifi, sun ci kambu a ƙungiyoyin resilin na AWA da NWA da WWF duka, abin da ba kowa ya yi ba. Demolition ma, Ax da Smash, sun riƙe bel kwana 478, ba a karya tarihin ba sai a 2016. Amma waɗannan Hogan ne na ɓangaren biyu-biyu, kwarjini da ƙarfi, a shigo a murƙushe a fita. In ana maganar iyawa ni British Bulldogs da Hart Foundation zan ɗora a sama. A Bulldogs ga Davey Boy mai ƙarfi, Dynamite Kid ƙarami mai zafin nama kamar wuta, can kuma a Hart Foundation ga Jim Neidhart kamar bijimi ga Bret mai lissafi, kowa ya san gurbinsa, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Kuma dukansu huɗu sun gogu a Calgary ta Kanada wajen tsoho Stu Hart, mahaifin Bret, shi ya sa suka san jikin juna.

Ranar da Hart Foundation suka karɓi bel daga Bulldogs a Janairun 1987, mu abin da muka gani shi ne manajan Hart Foundation, Jimmy Hart, ya kwaɗa wa Dynamite lasifikarsa tun kafin a fara, ya kwanta a waje, rafali Danny Davis ya yi son kai, muka yi ta tsine masa. Ashe bayan Dynamite ne ya samu matsala wata guda kafin nan, ko tsayuwa bai iya yi sosai, an kawo shi ne kawai don a miƙa bel ɗin. Davey Boy ya mutu a 2002 yana da shekara 39, Hawk a 2003 yana da 46, shi kuwa Dynamite ya yi shekaru a keken guragu kafin ya mutu ranar 5 ga Disamban 2018, ranar da ya cika shekara 60 daidai.