Dasa bishiya aikin yini ɗaya ne, to wa zai raine ta?

A ranar 11 ga Nuwamba 2019, 'yan sa-kai suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu a faɗin Turkiyya, suka dasa bishiyoyi kusan miliyan 11 cikin yini guda. Ba a yi wata uku ba sai ƙungiyar ma'aikatan noma da gandun daji ta ƙasar ta ce kimanin kashi 90 cikin 100 na dashen da ta duba ya bushe, domin an dasa shi a lokacin ƙarancin ruwa. Gwamnati ta musanta. Ko ma wane ne ke da gaskiya, gumin mutanen da suka fito da zuciya ɗaya ya cancanci tsari mafi kyau.

Babu mai musun cewa ana buƙatar hannaye da yawa. Rahoton IPBES, kwamitin masana na ƙasa da ƙasa kan halittu da muhalli, a 2019 ya ce nau'o'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan ɗaya na fuskantar barazanar ɓacewa. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a Montreal ta Kanada a 2022, ƙasashe sun yi alƙawarin farfaɗo da kashi 30 cikin 100 na wuraren da suka lalace kafin 2030, kuma babu gwamnatin da ke da ma'aikatan da za su iya wannan su kaɗai. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake amfani da masu sa-kan. Ana kiransu ranar ɗaukar hoto, a ƙirga ramuka, a watse. Sau da yawa ma iri ɗaya ake jerawa sahu-sahu, wanda bai wadatar da tsuntsu ko ƙudan zuma ba, sannan a kira shi daji.

Dubi abin da ya faru a yankin Maraɗi na Nijar. A 1983, Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da ya sha dasa bishiyoyi suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sharewa duk shekara tofon kututtura ne masu rai, saiwarsu na can ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya biyo baya ba ya buƙatar kuɗi. Manomi ya tsaya kan kututture, ya zaɓi rassa ƙalilan mafi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya kare su daga awaki da wuta. Tunda saiwar ta riga ta kai ga danshi, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya. Gawo ya fi samun karɓuwa, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa amfanin gona rana, kuma yana ƙara wa ƙasa taki. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da bishiyoyi kusan miliyan 200.

Amma dabarar kaɗai ba ta isa ba. A da, doka ta ɗauki bishiya a matsayin ta hukuma, mai gona na iya shan tara in ya sare reshe, don haka ya gwammace ya kashe tofon tun yana ƙarami. Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, aikin ya bazu daga gona zuwa gona.

Haka Nepal. Dokar gandun daji ta 1993 ta miƙa dazuzzuka ga ƙungiyoyin mazauna ƙauyuka, su tsare, su amfana. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna daji ya ƙaru daga kusan kashi 26 na ƙasar a 1992 zuwa kusan 45 a 2016, kodayake ƙaurar matasa zuwa aiki a waje ita ma ta rage masu noma da saran itace a tsaunukan ƙasar.

Wasu za su ce in aka bai wa jama'a daji, masu ƙarfi cikinsu za su handame, ko a sayar da katakon cikin dare. Yana faruwa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin inda irin wannan tsari ke ɗorewa. Ta gano cewa sai an san iyakar wurin da waɗanda ke da haƙƙi a kai, masu gadi su kasance waɗanda jama'ar ke iya tuhuma, hukunci kuma ya fara da sauƙi ya riƙa tsananta ga mai maimaita laifi. Ni zan ƙara da cewa matan da ke ɗebo itacen girki su zauna a wurin yanke shawara, domin su dokar hana sara ke fara shafa.

Saboda haka masu ba da tallafi su daina karɓar adadin dashe a matsayin sakamako. Su nemi a koma bayan shekara uku a ƙirga abin da ya rayu, iri nawa ne, kuma su ware kuɗin ban ruwa da shinge da gadi tun daga farko. Gwamnatoci kuma su rubuta a doka cewa wanda ya raini bishiya yana da rabo a 'ya'yanta da itacenta.